Gadin hanya a Damargu: daga rijiyar Farak zuwa wayar intanet

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni a nan Falanko. Yanzu yana Yamai, yana shirin jarrabawar samun takardar shaida ta tsaron kwamfuta. Ya nuna mini wata tambaya da ta hana shi barci: wace hanya ce ta fi aminci wajen sa ido a kan bayanan da ke kai da komo a cikin waya, domin a gane ɓarawo idan ya kutso? Ya haddace amsar, amma ya ce bai san dalilinta ba. Na ce masa ya zauna, domin kakanninmu sun sha fama da wannan tambaya tun kafin a ƙera kwamfuta.

Wanda bai san tarihin Damargu ba zai ɗauka ƙasar gero da dabbobi ce kawai. Amma a ƙarni na 19 ta nan babbar hanyar fatauci take bi, wadda ta taso daga Kano, ta ratsa Damagaram, ta hau Azbin, ta wuce Gat da Gadamas har Tarabulus a bakin teku. Ana kai fatu da gashin jimina da hauren giwa da tufafin Kano arewa, har da bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba. Ana kawo yadi da alharini da takarda da sukari. Ayarin gishiri na Buzayen Kel Ewe kuma yana sauko da kantun Balma, ya koma da geron Damargu, domin ƙasarmu ita ce rumbun Azbin. A cikin irin wannan ayari ne Bature Heinrich Barth ya iso Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a Tagelel ya rabu da Richardson, wanda ya nufi Damagaram, daga baya Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, shi kuma ya kama hanyar Katsina da Kano.

Inda dukiya take wucewa, nan mahara suke. Shi ya sa ayari ba ya tafiya kara zube. Akwai madugu uban tafiya, akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya, akwai mai kula da kuɗin da ake biyan masu ƙasa. Kuma duk wanda ke son sanin abin da ke tafe ba ya ɓata lokacinsa yana yawo a cikin daji. Bakin rijiya yake zuwa ya zauna. Daji yana da faɗi, amma raƙumi dole ya sha ruwa, kuma tsakanin Damargu da Agadas rijiyoyin ƙidayayyu ne. Mai zaune a bakin rijiya yana ganin kowa: fatake, makiyaya, da baƙin da suka shayar da raƙuma cikin dare suka wuce ba sallama.

A ƙarshen ƙarnin, Buzayen Imuzurag ne ke riƙe da Damargu, shugabansu Musa. Suna kare garuruwan manoma, suna kuma karɓar kuɗi daga ayarin da ke ratsa ƙasar. Wannan ya haɗa su rigima da Kel Ewe, masu raƙuman dako. Ana cikin haka Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka goyi bayan masu ayari, domin suna kwaɗayin cinikin Tarabulus. A 1900 aka gwabza a Tanamari, aka kashe Musa. Shekara guda bayan haka, a 1901, mutanensa suka rama: suka afka wa wani babban ayari a Farak, can arewacin Damargu, suka kwashe dukiya mai yawa. Faransawa suka kafa bariki a Jajiduna, daga baya suka mayar da shi Tanut, suka riƙa haɗa ayari da sojoji masu raƙuma. Hanyar dai ba ta daɗe ba bayan wannan. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bi ta Legas, cinikin hamada ya durƙushe.

Mai karatu ya lura da abu guda a labarin Farak. Waɗanda suka kai harin ba baƙi ba ne. Su ne masu gadin hanyar jiya, sun san kowace rijiya, sun san lokacin da ayari ke sauka a gajiye. An kawar da masu sa ido na dā kafin a samu waɗanda za su maye gurbinsu, a cikin wannan giɓin aka yi ɓarna.

To, mu dawo kan tambayar ɗalibina. Bayanai a intanet ba sa tafiya a dunƙule. Ana yanka su ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi, kamar raƙuma a jere. Na'urar gano kutse, wadda suke kira IDS, aikinta ta kalli waɗannan ƙulle-ƙulle ta yi kururuwa in ta ga abin zargi. Hanyoyi biyu ne aka fi bi wajen kai mata abin da za ta kalla. Ta farko, a umarci na'urar da ke haɗa wayoyin ofis ta riƙa kwafo abin da ke wucewa tana turo shi ta wata ƙofa, ana kiran wannan SPAN. Ba ta da tsada, amma ainihin aikin mahaɗar shi ne isar da saƙo, kwafin aikin gefe ne. In kaya suka yi mata yawa sai ta zubar da wasu kwafin, lalatattun ƙulle-ƙulle ma ba ta turo su. Kamar a ce madugu shi ne kuma mai ƙidayar raƙuma: ranar da aka yi cunkoso, ranar ce lissafi zai kuɓuce masa, kuma ranar ce ɓarawo yake jira. Ta biyu ita ce TAP, ƙaramar na'ura da ake dasawa a jikin wayar kanta. Duk abin da ya wuce sai ta kwafe shi, ba ta da adireshin da ɗan kutse zai gan ta da shi, kuma irin ta wayar gilashi ko wutar lantarki ba ta buƙata. Wannan shi ne mai zaune a bakin rijiya. Amsar da yaron ya haddace TAP ce, dalilinta kuwa ke nan.

Gani kuma daban, ganewa daban. Jagaba yana gane mahara ta hanya biyu: ko ya san tambarin raƙumansu tun dā, ko kuwa ya ga sawun da bai dace da wurin da lokacin ba. Masana kwamfuta ma haka suka raba abin. Manhajar Snort, wadda Martin Roesch ya fitar a 1998, tana aiki da jerin alamomin hare-haren da aka riga aka sani. Ita kuwa Dorothy Denning, a rubutunta na 1987, ta kawo shawarar a fara koya wa na'ura yadda al'amura suke tafiya yau da kullum, sannan ta yi ƙara in ta ga saɓanin haka. Hanya ta farko ba ta ganin sabon ɓarawo. Ta biyu tana yawan tayar da mutane a banza, kuma mai gadin da ke ihu kullum saboda inuwar akuya, wata rana zai yi ihun gaskiya a ƙi fitowa. A 1986 wani ma'aikacin ɗakin bincike a Berkeley ta Amurka, Clifford Stoll, ya ga giɓin senti 75 a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta. Bai raina ba, ya bi sawu wata da watanni har aka kai ga wani ɗan kutse a Jamus mai sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet bayanai. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Yau ɗan Falanko da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ta waya yake aiko wa iyayensa kuɗin gero. Albashinmu na malamai da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu duk a kwamfuta suke. Nijar ta kafa dokar hukunta laifukan intanet a 2019, amma doka tana hukunta wanda aka kama ne, kuma ba a kama wanda ba a gani ba. Idan yaranmu suka ci jarrabawa da hadda kawai, za mu samu masu takarda da ke gadin ƙofar da ɓarawo ba ya bi.

Kafin ɗalibina ya tafi na ba shi aikin gida, kamar yadda na saba ba shi yana ƙarami. Na ce duk inda aka ɗauke shi aiki, ya fara da zana taswirar wayoyin wurin, ya nemo inda rijiyoyin suke, ya kuma tambaya su wa ke riƙe da makullai, da waɗanda suka bar aiki ba a karɓe nasu ba. Ya yi dariya, ya ce wannan na ƙarshen ma yana cikin littafinsu. Allah ya ba shi sa'a, ya kuma tsare mana hanyoyinmu.