Tarihin Tantance Darajar Sulallan Azurfa: Daga Idon Ɗan Kasuwa Zuwa Ma'aunin Lamba

1.0 Gabatarwa

Tun da aka fara buga kuɗi da azurfa, mai karɓa yakan so ya tabbatar cewa abin da aka miƙo masa ya cika. A da, abin da ake dubawa bai wuce nauyi da tsarkin ƙarfe ba. Daga baya da aka sami masu tara tsofaffin sulalla saboda tarihinsu da kyansu, sai ma'aunin ya sauya, har ta kai sulalla biyu masu nauyi ɗaya, waɗanda aka buga a shekara ɗaya, ɗaya ya ninka ɗan'uwansa tsada sau ɗari. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka tashi daga hukuncin ido da siffofin fatar baki aka koma ga ma'aunin lamba. Za a fara da liyari, wanda Hausawa suka sani, sannan a tsaya a kan dalar azurfa ta Amurka, domin a can ne wannan ma'auni ya samo asali.

2.0 Liyari da Idon Ɗan Kasuwa

Sulen da Hausawa ke kira liyari shi ne dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. An fara buga shi a shekarar 1741. Bayan rasuwarta a 1780 an ci gaba da buga shi, amma ba a sake sauya shekarar da ke jikinsa ba. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kuma kashi 83 cikin ɗari na jikinsa azurfa ce. Ya yi yawo a ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan, kuma Barth ya tarar ana ciniki da shi a kasuwar Kukawa ta Borno a 1851.

'Yan kasuwar wancan zamani ba su da littafin tantancewa, amma suna da ƙa'ida. Sukan buga sulen a kan dutse su saurari ƙararsa, domin amon azurfa daban yake da na dalma. A ƙasashen Larabawa da Habasha sukan duba lu'ulu'an da ke kewaye da maɓallin ado a kafaɗar sarauniyar. Idan sun suɗe har ba a iya ƙirga su, sai a ƙi karɓa ko a rage masa daraja. Wato sun gano cewa wurin da ya fi tudu a jikin sule shi ke fara cinyewa. A kan wannan fahimta aka gina duk ilimin tantancewa na yau.

3.0 Zamanin Siffofi

A ƙarni na 19 da farkon na 20, dillalai a Turai da Amurka suna bayyana halin sule da siffofi, irin su "mai kyau", "mai kyau ƙwarai", da "wanda bai shiga hannu ba". Matsalar ita ce kowane dillali da abin da yake nufi, kuma yawancin cinikin ta hanyar wasiƙa ake yin sa, mai saye bai ga kaya ba. Da yake mai sayarwa ba ya kushe hajarsa, sai kalmomin yabo suka riƙa gangarowa ƙasa. A yau siffar Ingilishi mai ma'anar "mai kyau" tana nufin sulen da ya suɗe sosai, wanda da ƙyar ake ganin zanensa. Wannan misali ne na yadda yawan amfani da kalmar yabo a kasuwa ke tsotse mata ma'ana.

4.0 Ma'aunin Sheldon

A 1949 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna William Sheldon ya wallafa littafi a kan manyan kwabban tagulla da Amurka ta buga daga 1793 zuwa 1814. A ciki ya kawo ma'auni daga 1 zuwa 70. Asalin lambobin na farashi ne: kwabon da ya fi kowanne lalacewa shi ne 1, wanda ke mataki na 30 kuma ya ninka shi tsada sau talatin, cikakke marar aibi sau saba'in. Ba a daɗe ba kasuwa ta rushe wannan lissafi, domin farashin masu kyau ya yi ta hauhawa fiye da na sauran. Duk da haka lambobin sun zauna.

Littafin Brown da Dunn na 1958 da na James Ruddy na 1970, wanda ya yi amfani da hotuna, sun taimaka wajen daidaita siffofin. A 1977 ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, wadda aka kafa a 1891, ta fitar da ƙa'idojinta bisa ma'aunin Sheldon, ta shimfiɗa shi a kan dukkan kuɗin ƙasar har da na azurfa. Daga 1 zuwa 58 na sulallan da suka shiga hannu ne, daga 60 zuwa 70 kuma na waɗanda suke yadda suka fito daga gidan buga kuɗi, ana sa musu alamar MS.

5.0 Dalar Morgan

Babu sulen da ya gwada wannan ma'auni kamar dalar Morgan, wadda ta ci sunan mai zanenta George Morgan. Dokar Bland da Allison ta 1878 ta tilasta wa baitulmalin Amurka sayen azurfa ta dala miliyan 2 zuwa 4 kowane wata domin a buga ta, saboda matsin lambar masu haƙar ma'adinai na yammacin ƙasar. An buga dalar daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa.

Jama'a ba su buƙaci wannan yawa ba, don haka miliyoyinta suka kwanta a buhuna, dubu-dubu a kowane buhu. Dokar Pittman ta 1918 ta sa aka narkar da fiye da miliyan 270. Sauran sun ci gaba da zama a rumbun gwamnati har farkon shekarun 1960. A 1962 aka fito da buhunan dalar 1903 ta New Orleans, wadda ake ɗauka ta yi ƙaranci ƙwarai, sai farashinta ya faɗo daga kimanin dala 1,500 zuwa 'yan gomomi. Daga 1972 zuwa 1980 gwamnati ta sayar da kusan miliyan 3 da suka rage, yawancinsu bugun Carson City. Sabbin sulalla suka cika kasuwa, sai ya zama dole a bambance sabo da sabo.

6.0 Bambancin Suɗewa da Raunin Bugu

A nan ne gwanintar mai tantancewa take. Ana buga sule ne ta hanyar matse faifan azurfa tsakanin hatimai biyu na ƙarfe. Matsin yana sa azurfar ta malala ta cika ramukan zanen. Wannan malala tana barin siraran layuka da ido ba ya rabe su, kuma su ne ke haifar da sheƙin da ke juyawa a fuskar sabon sule idan an karkata shi a gaban fitila.

Idan matsin bai isa ba, azurfar ba za ta kai ƙarshen ramukan da suka fi zurfi ba, sai wuraren da ya kamata su fi tudu su fito a shafe. A dalar Morgan wuraren su ne gashin da ke saman kunnen matar da ke fuskar sulen, da gashin ƙirjin gaggafar da ke bayansa. To, waɗannan wurare su ne kuma hannu ke fara cinyewa. Saboda haka sabon sule mai raunin bugu yana kama da wanda ya ɗan yi yawo. Abin da ke raba su shi ne sheƙi. Inda bugu ya yi rauni, wurin a shafe yake amma launinsa bai dushe ba. Inda hannu ya ci, layukan sun goge, wurin ya yi toka-toka, kuma akan ga ƙananan ƙarce a filin da ke kewaye.

Har ila yau, mai tantancewa yana bukatar sanin halin kowane gidan buga kuɗi. An san San Faransisko da ƙaƙƙarfan bugu, musamman a farkon shekarun 1880, an kuma san New Orleans da raunin bugu, kamar yadda dalarta ta 1892 ke nunawa. Daga cikin dalilan da masana ke bayarwa akwai buɗa tazarar hatimai domin su daɗe ba su fashe ba, da rashin tausasa faifan da wuta yadda ya kamata. Ban da bugu da sheƙi, ana duba tabban da sulalla suka yi wa juna a cikin buhu, da inda tabon ya faɗa, domin na kan kumatu ya fi na cikin gashi rage daraja. Sulen da aka goge, ko aka huda kamar yadda ake huda liyari a yi abin wuya da shi, ba a ba shi lamba. Muhimmancin wannan bambanci a fili yake a dalar 1884 ta San Faransisko: wadda ta shiga hannu tana da yawa kuma ba ta da tsada, wadda ba ta shiga ba kuwa ta dubban daloli ce.

7.0 Kamfanonin Tantancewa

Da tsakanin lamba da lamba ya zama kuɗi masu yawa, sai maguɗi ya shigo. Bayan farashin azurfa ya kusa dala 50 kowane oza a Janairun 1980, mutane da yawa da ba su san sule ba sun zuba dukiyarsu a cikinsa, aka sayar musu da kaya a matakin da bai kai ba. Ofishin da ƙungiyar masu tara kuɗi ta buɗe a 1972 don gano jabu ya fara ba da lamba a 1979, amma takardarsa daban take da sulen, ana iya musanyawa. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 kuma NGC. Su ne suka yaɗa tsarin rufe sule a gidan roba tare da lambarsa, da amfani da dukkan matakai 11 daga 60 zuwa 70.

Wannan bai kashe gardama ba. A 1990 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhumi PCGS da zuzuta daidaiton hukuncinsa, aka sasanta a kan ya daina irin wannan iƙirari. Dillalai kuma sun koyi fasa gidan robar su sake aika sulen, ko ya dace da ƙarin lamba ɗaya. A 2007 aka kafa CAC, wanda ya fara da aikin duba hukuncin waɗancan kamfanoni ya manna alamar amincewa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tantance sulen azurfa ya bi matakai uku: idon ɗan kasuwa, siffofin dillalai, da ma'aunin lamba. An koma ga lamba ne domin siffofi sun rasa nauyinsu, amma ita ma lambar ta kamu da irin ciwon, tun da masu tara sulalla sun daɗe suna kukan cewa abin da aka ba 64 a da yana samun 65 daga baya. Dalili kuwa shi ne bugu da sheƙi da tabo abubuwa ne daban-daban, kuma ido ne ke haɗa su ya yanke hukunci ɗaya. Ga masu nazarin harshe, wannan fage ne da ya cancanci bincike, musamman idan aka kwatanta shi da kalmomin da maƙeran fari da dillalan azurfa na ƙasar Hausa ke amfani da su wajen rarrabe hajarsu.