Girgam ɗin Daura da fayilolin kwamfutarka

Wajen 1805 Malam Ishaku ya ci Daura da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fice da jama'arsa. Zuriyarsa ta zauna a Zango, wani reshe a Baure, sai a 1906 Turawa suka maido da Malam Musa kan gadon Daura. Shekara ɗari kenan a waje. To, ya aka yi jerin sarakunan, tun daga zamanin magajiyoyi, bai salwanta ba? Ai ba a takarda guda yake ba. Malamai sun yi ta kwafar girgam da hannu, maroƙan fada kuma suna riƙe da shi a ka.

Ka tuna da wannan in za ka zaɓi ma'ajiyar intanet. Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, amma in ka jona shi da kwamfutarka, abin da ka goge a nan, can ma ya faɗa kwandon shara, bayan kwana 30 kuma shi kenan. Ni dai kafin in tambayi farashi, sai na ji ko suna ajiye tsofaffin kwafi, kuma har tsawon wane lokaci.