Tsitsi Dangarembga: Daga Dandalin Wasa Zuwa Majigi

A shekarar 1980, ana gab da bai wa Zimbabwe 'yancin kai, Tsitsi Dangarembga ta ajiye karatun likitanci a Jami'ar Cambridge ta koma gida. Da ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo a Jami'ar Zimbabwe, sai ta tarar babu wasannin da ke ba baƙar mace rawa mai nauyi. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta nata, cikinsu har da She No Longer Weeps, wanda aka buga a 1987.

Nervous Conditions, da ya fito a 1988, shi ne ƙagaggen labari na farko da baƙar mace 'yar Zimbabwe ta wallafa da Ingilishi. Sai dai littafi ba ya isa ga wanda bai iya karatu ba. Ta tafi Berlin ta koyi shirya fim. Ita ta ƙirƙiri labarin Neria na 1993, a kan matar da ɗan'uwan mijinta ya nemi cinye mata gado bayan rasuwar mijin. A 1996 ta ba da umarnin Everyone's Child, labarin yaran da ƙanjamau ya raba da iyayensu.

Wannan tsayin daka ya ja mata tsangwama. A Yulin 2020 aka kama ta a Harare tana ɗauke da kwalin neman gyaran hukumomin ƙasa. Kotu ta same ta da laifi a 2022, sannan babbar kotu ta soke hukuncin a 2023.