Daga Make zuwa Docker: yadda aka yi wa mantuwa magani

Wannan makon za mu leƙa tarihin harhaɗa manhaja.

Manhaja tarin fayiloli ce, wani ya dogara da wani. A da, in mutum ya gyara ɗaya, shi zai tuna waɗanda za a sake sarrafawa. A 1976, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, Steve Johnson ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da tuni aka gyara, ashe fayil ɗin ne ba a sabunta ba. Sai abokin aikinsa Stuart Feldman ya ƙirƙiro Make: a rubuta wane fayil ya dogara da wane, kwamfuta ta duba lokacin da aka taɓa kowanne, ta sake sarrafa wanda canjin ya shafa kawai.

Saura matsala ɗaya: manhaja ta yi aiki a kwamfutar mai ita, ta ƙi a ta wani. A 2013 Solomon Hykes ya gabatar da Docker, mai ƙunshe manhaja da duk kayan da take buƙata cikin kwantena guda, kamar ta jirgin ruwa.

Make dai na nan har yau, tare da aibinsa. Feldman ya tsara layin umarni ya fara da maɓallin Tab, wanda ido ba ya bambanta shi da tazara. Ya ƙi gyarawa don kada ya ɓata wa mutum kusan 12 da suka fara amfani da shi aiki. Shekaru sama da 40 ana tuntuɓe a wurin.

Mu masu sakin rubutu, mu duba kafin ya fita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.