Mausimi: Asalin Sunan Iskar Da Ke Kawo Mana Damina



Duk wanda ya kwana biyu a garin nan ya san alamar. Wajen watan Maris, bayan ƙurar hunturu ta lafa, sai a wayi gari iska ta sauya alkibla. Wadda ke busowa daga arewa tana busar da leɓe da fasa dugadugai ta janye, wata mai nauyi da danshi ta taso daga wajen teku. Masu shanya a Aboabo da Asawase su fara duban sama, masu kwano mai yoyo su fara neman kafinta. Yaranmu da ke makarantar boko suna dawowa gida da sunan wannan iska a bakinsu: monsoon. Suna ɗauka kalmar Bature ce tun asali. Alhali kuwa kalma ce da ta yi doguwar tafiya kafin ta iso littafin ɗan Zongo, kuma tushenta yana cikin harshen da kakanninmu suka yi karatun allo da shi.

Asalinta Larabci ne, mausim, jam'inta mawasim. Ta fito daga wasama, wato sanya wa abu alama, kamar yadda makiyayi ke ɗora wa raƙuminsa ƙarfe mai zafi don a san na wane ne. Saboda haka mausim na nufin lokacin da aka yi wa shaida a cikin shekara, wanda kowa ya san zuwansa. Larabawa sun kira lokacin aikin Hajji da wannan suna, haka ma lokutan manyan kasuwanninsu na shekara-shekara irin kasuwar Ukaz. Daga wannan tushe kuma suka samo sunan ruwan farko da ke sauka bayan dogon fari, al-wasmi, domin shi ne ke yi wa ƙasa zane da tsiro. Bahaushen da ya taɓa ganin yadda saura ke yin kore kwana uku bayan ruwan shuka ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

To ta yaya sunan lokaci ya zama sunan iska? Amsar tana bakin tekun Indiya. A wancan teku iska tana raba shekara gida biyu: wata shida tana busowa daga arewa maso gabas, wata shida kuma daga kudu maso yamma. Jiragen ruwa na wancan zamani da filafilai suke tafiya, ba su da inji. Matuƙin da ke son zuwa Zanzibar daga Oman dole ya jira iskar arewa, in ya sayar da hajarsa kuma ya zauna jiran iskar kudu ta mayar da shi gida. Kowace tashar jirgi tana da mausim ɗinta, wato ranakun da ake iya tashi daga gare ta. Mashahurin matuƙin nan Ahmad ibn Majid, wanda ya rubuta Kitab al-Fawa'id a wajen shekarar 1490, ya yi bayanin waɗannan lokuta dalla-dalla, tasha bayan tasha. Da yake lokacin tafiya da iskar tafiya ba sa rabuwa, sannu a hankali sunan ɗaya ya rufe ɗayan.

Fatake da malamai suka yaɗa kalmar ko'ina. Waswahili suna cewa msimu, Turkawa mevsim, mutanen Malesiya da Indunusiya musim, masu Hindi da Urdu kuma mausam, wanda duk mai kallon fina-finan Indiya ya sha ji. A bakin malamanmu ma akan ji ana cewa lokacin mausimi idan ana zancen Hajji.

Turawan Fotugal ne suka kai ta Turai. A watan Afrilun 1498 Vasco da Gama ya tashi daga Malindi, a gaɓar Kenya ta yau, tare da matuƙin da ya san teku, iska ta tura shi har Kalikut a ƙasar Indiya cikin ƙasa da wata guda. Da zai komo sai ya ƙi jiran lokaci, ya tsunduma teku iska na gaba da shi. Tafiyar ta ci kusan wata uku, cuta ta kashe masa mutane da dama. Da wannan darasi mai tsada Fotugal suka koyi kalmar, suka lanƙwasa ta da harshensu ta koma monção. Mutanen Holan suka karɓa daga hannunsu, Ingilishi kuma ya same ta a ƙarshen ƙarni na 16. Abin sha'awa ga mu mutanen Gana, jerin hannayen da kalmar ta bi shi ne jerin waɗanda suka riƙe ganuwar Elmina: Fotugal suka gina ta a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872.

Sai a 1686 masanin taurarin nan na Ingila, Edmond Halley, ya bayyana dalilin juyawar iskar, kuma ginshiƙin bayaninsa yana nan har yau. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi fiye da ruwa. Idan rana ta gasa tudu, iskar da ke kansa ta yi sauƙi ta tashi sama, sai iskar teku mai ɗauke da danshi ta kwararo ta cike gurbin. Idan tudu ya huce, al'amarin ya juya. Daga baya masana suka lura cewa ba Indiya kaɗai ke da wannan tsari ba. Afirka ta Yamma ma tana da nata.

Ga yadda namu yake. A lokacin bazara hamadar Sahara takan yi zafi matuƙa, ta riƙa jawo iska daga tekun Atilantika. Iskar tana tasowa daga kudancin duniya, in ta ƙetare tsakiyar duniya sai juyawar ƙasa ta karkatar da ita, ta shigo mana daga kudu maso yamma. A can gaba tana cin karo da busasshiyar iskar hamada, kuma wannan iyaka da ke tsakaninsu tana tafiya arewa sannu a hankali, ruwa na biye da ita. Kumasi tana kusa da teku, don haka mu ake fara yi wa sallama tun Maris ko Afrilu. Kano da Katsina da Sakkwato sai Mayu ko Yuni, Maraɗi da Damagaram kuma a bayansu. Wadda ta ratsa kanmu ta nufi Tamale da Wagadugu da Yamai. Wadda ta shiga ta Kwatano da Ikko ita ke isa Zariya da Kano. Iska ɗaya ce, ƙofofin shigarta ne da yawa.

A nan akwai abin da zai ɗaure wa mutumin ƙasar Hausa kai. Shi dai ya san daga gabas hadari ke haɗowa, can yake duba idan gari ya yi zafi. Gaskiyarsa ne, domin iskar da ke can sama ita ke kora gizagizai daga gabas zuwa yamma. Amma ruwan da ke cikin gizagizan daga kudu aka ɗauko shi, daga tekun da ke bayan dajin Asante da ƙasar Yarabawa. Hadari na gabas ne, guzurinsa na kudu.

Wannan tafiya da dawowa ita ce ta ba Kumasi damina biyu a shekara. Babbar tana kamawa daga Maris zuwa Yuli. A watan Agusta ruwa ya yi nisa arewa, tekun gaɓar Gana kuma ya yi sanyi, sai a sami ɗan hutu: sama a lumshe, gari da sanyi-sanyi, ruwa kaɗan. A daidai wannan lokaci ne Kano ke tsakiyar marka, ana kwana ana wuni ana yayyafi. Idan iyakar ta juyo kudu, sai mu sami ƙaramar damina daga Satumba zuwa Nuwamba, alhali a ƙasar Hausa an shiga kaka ana yankan gero da dawa. A jimlace Kumasi kan sami ruwa kimanin milimita 1,400 a shekara, Kano kuwa abin da take samu bai kai haka ba, kuma kusan dukansa cikin wata huɗu yake zuba.

Bahaushe bai ware wa wannan iska suna na dabam ba. Lokutan da take haifarwa ya raɗa wa suna, ya jingina ta gare su: iskar bazara, iskar damina. Ya raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da rani, ya kuma san marka a tsakiyar damina, da agajeri mai zafi a ƙarshenta, da ɗari a cikin rani. Malamai suka ƙara da lissafin taurari 28 da suka gada daga Larabawa, kowane kwana 13 in ban da Jabha mai 14, wanda ya cika kwana 365. Manomi kan tambayi malam ko Zira'a ta kama, ko Nasara, ko Ɗarfa, don ya san inda damina ta kai. Da waɗannan taurari ne Ibn Majid ke auna hanyarsa a teku. Matuƙin jirgi a Oman da manomin gero a Gobir sama ɗaya suke karantawa.

Ita kuwa kishiyarta, iskar hunturu, sunanta na Turanci a ƙasar nan aka haife shi. Ƙamusoshin Turanci suna mayar da kalmar harmattan ga haramata ta harshen Akan, wadda Turawan gaɓar teku suka ji tun ƙarni na 17. Maƙwabtanmu Asantawa suna kiran lokacin ɔpɛ, shi ya sa Disamba take Ɔpɛnimma a wurinsu, Janairu kuma Ɔpɛpɔn, wato ƙaramin hunturu da babban hunturu. Ƙurar da take zuba mana a kan tagogi mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Iskoki biyu ke mulkin shekararmu, ɗaya da sunan Larabci, ɗaya da sunan Akan.

Idan aka bi diddigi, wannan iska ce ta zaunar da mu a nan. Bishiyar goro tana son ruwa mai yawa da inuwar kurmi, abin da dajin Asante ke da shi, ƙasar Hausa kuma ta rasa. Masu cin goro suna inda ruwa ya yi ƙaranci, goron kuma yana inda ruwa ya wadata. Tsakanin biyun aka shimfiɗa hanyar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙa haɗa ayari ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Yandi har Salaga. A 1826 Bature Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana komawa gida daga Gwanja, mutum fiye da 1,000 da dabbobi kwatankwacin haka. Su ma waɗannan fatake da mausiminsu suke tafiya. Ba a tashi sai ruwa ya ɗauke, rafuka sun janye, hanya ta bushe yadda jaki zai iya takawa, kuma a lokacin ne sabon goro ke shigowa kasuwa. Wanda ya yi jinkiri damina ta rufe masa hanya, sai ya zauna a zango ya jira. Wani ya jira shekara guda, ya yi aure, ya gina ɗaki. Zango asalinsa wurin saukar ayari ne na kwana ɗaya ko biyu. Jiran iska da jiran ciniki suna cikin abubuwan da suka mayar da shi unguwa.

Bayan Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mutanenta zuwa Kete Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. Bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 'yan arewa suka yi ta kwararowa Kumasi. Jirgin ƙasa ya iso nan daga Sekondi a 1903, na Ikko kuma ya isa Kano bayan wasu shekaru kaɗan. Goro ya koma bin teku da dogo, hanyar da Alhassan Ɗantata ya yi fice a kanta. Daga nan fatauci ya daina jiran rani.

Amma ciki bai daina jiran damina ba. A 1913 iskar ta gaza kai ruwa arewa yadda ya kamata, aka yi yunwar da ake tunawa da ita da sunan Kakalaba. Haka aka sake gani a farkon shekarun 1970 da kuma 1984 a ƙasashen Sahel. Mu ma a nan dattawanmu ba su manta da 1983 ba, shekarar da ruwa ya ƙi, gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan guda da aka koro daga Najeriya. Har gobe farashin masara da gero da albasa a kasuwannin Kumasi yana bin labarin ruwan arewa. Idan kuma iskar ta zo da ƙarfi, mazauna bakin rafin Aboabo ne ke kwana tsaye suna kwalfar ruwa daga ɗakuna, musamman inda shara ta toshe magudanai. Wanda ya san Yuni da Oktoba lokutan ruwa ne, ya san kuma watan da ya kamata unguwa ta fito gayyar yashe kwata.

Abin da ke damuna shi ne yadda kalmomin ke zubewa daga bakin yaranmu. Yaron da aka haifa a Sabon Zongo bai taɓa ganin marka a watan Agusta ba, bai san agajeri ba, kaka kuwa a wurinsa mahaifiyar uwa ce ko ta uba kurum. Ba laifinsa ba ne. Shekarar da waɗannan kalmomi ke aunawa ba ita ce shekarar Kumasi ba. Sai dai in suka ɓace, da su za a rasa fahimtar karin magana da tatsuniya da hirar tsofaffi, har da dalilin da ya sa ake ce wa damina uwar albarka. Idan ɗanka ya zo maka da kalmar monsoon daga makaranta, ka gaya masa cewa mausim ce ta Larabci, ka nuna masa kudu maso yamma inda take fitowa, sa'an nan ka lissafa masa bazara da damina da kaka da rani, ka faɗa masa wanne ya yi daidai da garin da yake zaune, wanne kuma na garin kakanninsa ne.

Masu dattawa a gida, ku tambaye su yadda suke kiran ɗan hutun ruwan nan na watan Agusta da kuma damina ta biyu, ku kawo mana abin da kuka ji, domin Hausar Zongo ma tana da nata kalmomin da suka cancanci a rubuta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya.