Abin da Na Gani a Ƙasar Mutanen Ruwan Sama

Malamanmu da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ina so in biya wani bashi da ke kaina. Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna yadda Malamin Tarihi yake sa mu haddace jerin sarakuna, mu kuwa muna gunaguni, muna cewa ina amfanin sunayen matattu. Ni ne kan gaba wajen wannan gunaguni. Sai da na je Meksiko na sami amsata.

A 2019 aka tura ni taron malaman gona a birnin Wahaka, a kudancin ƙasar. Da aka tashi, wani abokin aiki ɗan ƙabilar Mishtek ya gayyace ni ganin mahaifarsa. Muka yi tafiyar kamar awa biyu a mota, muna hawan duwatsu, har muka sauka a wani ƙaramin gari mai suna Teposkolula. Sanyin dare a can kamar tsakiyar hunturu ne. Sunan Mishtek maƙwabta ne suka laƙaba musu. Su kuwa sunan da suke kiran kansu yana nufin "Mutanen Ruwan Sama".

Washegari muka hau dutsen Yukunda, inda tsohon garin yake kafin zuwan Sifaniyawa. Yau kufai ne: harsashin fada, dandali, da tudun gonakin da aka tokare da duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Tsakanin 1545 da 1550 annoba ta auka wa ƙasar, har aka mai da dandalin maƙabarta. Ba da daɗewa ba sauran mutanen suka sauko kwari, inda garin yake yanzu. A 2018 masana suka bayyana cewa sun sami alamar ƙwayar wata cuta dangin taifot a haƙoran waɗanda aka binne. Na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi.

Amma sarautarsu ba ta mutu nan take ba. A sabon garin akwai wani gini da ake kira Gidan Sarauniya, wanda aka gina wajen 1560. Ƙofofinsa irin na Turawa ne, amma a saman bango an jera da'irori na dutse, wato tambarin gidan sarauta na gargajiya. A 1593 kuma limaman Kirista suka buga nahawu da ƙamus na harshen Mishtek, bisa karin harshen wannan gari.

Kwana na uku muka nufi ƙauyen Tilantongo, ta hanya mai kwana-kwana. Zaizaya ta cinye gefen duwatsu, matasa da yawa sun tafi ci-rani Amurka, tsofaffi ne ke noman masara da wake. Da ka ga ƙauyen ba za ka ce ya taɓa zama gidan sarauta mafi daraja a ƙasar ba. A samansa akwai dutsen Monte Negiro, inda muka ga gindin ginshiƙai na wani gari da aka yi ƙaura daga cikinsa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

A nan abokina ya ba ni labarin Sarki Barewa Takwas. Na yi dariyar sunan, sai ya bayyana mini cewa suna da kalanda mai kwana 260, kowace rana da lambarta da alamarta, kuma sunan ranar haihuwar mutum shi ne sunansa. Na ce ashe dai Ɗanladi da Talatu ne. An haifi wannan sarki a 1063, ya mallaki Tututepek a bakin teku, ya hau gadon Tilantongo, ya ci garuruwa masu yawa da yaƙi, ya ƙulla zumunci da wasu ta hanyar aure, aka kashe shi a 1115.

To, yaya aka san waɗannan shekaru dalla-dalla? Saboda sun rubuta. Sukan jeme fatar barewa, su shafe ta da farar ƙasa, su naɗe ta ninki-ninki, su zana haihuwa da aure da yaƙi da mutuwar sarakunansu da hotuna masu launi. Kaɗan ne suka tsira bayan mamayar Sifaniyawa, kuma galibinsu suna Turai: ɗaya a gidan tarihi na Landan, wasu a Okosfod, ɗaya a Biyana. Shekaru aru-aru ba a san ainihin labarin da ke cikinsu ba. A 1949 wani masani, Alfonso Kaso, ya yi nazarin taswirar garin Teyozakowalko, wadda aka zana wajen 1580, mai ɗauke da jerin sarakuna da bayani da Sifaniyanci. Da ya gwada ta da littattafan fatar, sai sunaye suka dace. Wato jerin sarakuna, abin nan da na raina, shi ya zama mabuɗin tarihin al'umma guda na ɗaruruwan shekaru.

Da na dawo gida na wuce kai tsaye wurin adakar kakanmu, wadda ke cike da takardun ajami. Na tarar gara ta riga ni. Abin da ya rage bai fi shafi goma ba, cikinsu har da rabin salsalar gidanmu. Ba baƙi ne suka ƙona su ba, sakacinmu ne.

Don haka, 'yan'uwa, wanda duk yake da irin wannan adaka ya buɗe ta yau, ya ɗauki hoton takardun, ya zauna da tsofaffin gidansu tun suna raye. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu su tattara tsofaffin rajistoci da hotunan makarantarmu kafin su bi sahu.

Malam, ka yi gaskiya, ka yafe mini. Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, amin.