Daga duwatsun Norway zuwa koramun Dungass

Wani ɗalibina ya tambaye ni me ya sa mutanen Norway suke huda duwatsu don mota ta wuce. Na ce masa haka Allah ya yi ƙasarsu: teku ya kutsa tsakanin dogayen duwatsu, tsofaffin hanyoyinsu kuma suna bin gaɓarsa, inda ƙanƙara da duwatsu kan gangaro su toshe hanya, wani lokaci har a rasa rai. A watan Nuwamba na 2000 suka buɗe ramin Laerdal mai tsawon kilomita 24.5, a kan hanyar Oslo zuwa Bergen.

Da na koma gida sai tambayar ta tuna mini da kakana. Mu a Magaria da Dungass, rairayi da koramu ne suke tsare mana hanya. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗar yankinmu can ta riƙa nufa, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Kakana ya sha ba mu labarin yadda mota ke kafewa a yashi da rani, matafiya su sauka su tura. Da damina kuwa sai a kwana a bakin korama ana jiran ruwa ya janye.

Kwalta ta fara zuwa ne a hanyar da ta taso daga Zinder ta ratsa Magaria zuwa iyakar Najeriya. Dungass ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma wahalar hanya ba ta bar ta ba. Sai a 2022 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin gina hanyar Hamdara, Wacha, Dungass zuwa iyaka, mai tsawon kimanin kilomita 110.

Iyaye da malamai, mu muka san abin da korama ke ci mana: yaron da ya rasa makaranta saboda ruwa ya raba shi da aji, da mai naƙudar da amalanke bai kai ta asibiti a kan lokaci ba. Mu ba yaranmu wannan tarihi, don in sun ga gada su san da wahalar da aka same ta. Mu kuma hana su zuba shara a magudanar ruwa, mu manya mu daina ɗibar yashi a gindin gada.